Urafane: su wa ke kai wa matasa labarin aiki, wa kuma ke biyan su?

A ƙaramar hukumar Urafane da ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, labarin ɗaukar ma'aikata ko na horon sana'a yakan iso ne ta bakin mutanen da ba su da albashi a kan wannan hidima: ƴan sa-kai na gidajen radiyon al'umma, malaman makaranta, shugabannin fada da masu kula da zaurukan WhatsApp. Ga bayani a kan yadda aikin nasu ke tafiya, da abin da yake ci musu, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Da zarar an gama girbi an zuba damman gero a rumbu, tsakanin Oktoba da Nuwamba, sai kowane saurayi a arewacin gundumar Tasawa ya shiga lissafi. Wata bakwai zuwa takwas ne a gabansa kafin ruwan shuka. Ko dai ya kama hanyar ci-rani zuwa Katsina, Kano ko Legas, ko ya nufi arewa wajen Agadas da wuraren haƙar zinariya, ko ya zauna gida idan akwai abin da zai riƙe shi. Cikin ƴan makonni ake yanke wannan shawara, kuma abin da saurayin ya ji a wannan tsakani shi ke rinjayar ta. Idan labarin buɗe rajista a cibiyar koyon sana'a ya same shi yana gida, yana iya tsayawa. Idan ya iso bayan ya hau mota, sai baɗi.

Me ya sa labarin ba ya isowa da kansa?

Urafane ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tasawa, jahar Maraɗi, arewa da babbar hanya mai lamba 1 da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, tana kuma maƙwabtaka da gundumar Mayahi. Ƙauyukanta a warwatse suke cikin rairayi, mazaunanta manoma ne da makiyaya. A ƙidayar shekara ta 2012 jahar Maraɗi na da mutum miliyon 3 da dubu 400, kuma binciken lafiyar iyali na wannan shekarar ya nuna cewa mace ɗaya a jahar kan haifi ƴaƴa sama da 8 a matsakaici. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ke raba ta, abin da ya sa noman damina kaɗai ba ya riƙe saurayi shekara guda.

Shinge na farko tsakanin wannan saurayi da sanarwar aiki shi ne harshe. Da Faransanci ake rubuta kusan dukan sanarwoyin hukuma da na furoje-furoje, alhali manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su wuce kimanin ɗaya cikin uku ba, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci, musamman tsakanin mata. Sai kuma wurin da ake ajiye sanarwar: allon ofishin prefe ko na ƙaramar hukuma, shafukan jaridar Le Sahel, ko shafin Facebook na ma'aikatar da ta fitar da ita. Masu amfani da intanet a ƙasar ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, jarida kuwa ba ta isa kasuwar ƙauye.

Shinge na uku shi ne lokaci. Wa'adin ajiye dosiye sau da yawa gajere ne, takardun da ake nema kuma ba a samun su rana ɗaya: takardar neman aiki da aka rubuta da hannu aka manna mata tambur, takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna cewa mutum ba shi da laifi, da kwafin takardun makaranta da hukuma ta buga wa hatimi. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wanda aka haifa a gida ba a bayyana shi ba, sai ya bi ta hannun alƙali kafin ya samu takardar farko, wadda sauran duka suka rataya a kanta. Saurayin da ya ji labari saura kwana uku a rufe, kusan daidai yake da wanda bai ji ba.

Wace irin dama ce ake magana a kai?

Aikin ofis mai albashin wata ba shi da yawa a wannan yanki. Abin da ya fi fitowa shi ne gurbin koyon sana'a, ƙaramin jari, ko aikin ɗan lokaci. Cibiyoyin CFM da gwamnati ta yi manufar kafawa a kowace ƙaramar hukuma na koyar da ɗinki, walda, kafinta, gyaran babur, lantarki da dabarun noma da kiwo. Asusun FAFPA na ɗaukar nauyin horo na gajeren lokaci da koyon sana'a a hannun masu shago. Hukumar ANPE, wadda aka kafa a 1996, ita ke da alhakin haɗa masu neman aiki da masu ɗauka, kuma ita aka damƙa wa shirin PEJIP da Bankin Duniya ya amince da shi a 2018 da dalar Amurka miliyon 30, domin matasan da ba su yi nisa a karatu ba. Ƙungiyar Swisscontact ta tallafa wa wuraren koyon noma na zamani a jahohin Maraɗi da Doso, da kuma ofisoshin da ke yi wa matasa jagora wajen zaɓen sana'a.

Ban da waɗannan akwai jarrabawar shiga aikin soja, jandarma ko ɗan sanda, ɗaukar malaman kwantaragi, aikin allurar rigakafi da na ƙidaya, da ayyukan farfaɗo da ƙasar da ta mutu, inda ake biyan mutane su haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata. Kowane ɗaya daga ciki yana da ranar buɗewa, da ranar rufewa, da adadin mutanen da za a ɗauka. Wanda ya riga ji shi ke riga shiga layi.

Ta wace hanya labarin ke bi?

A ɗauki misalin sanarwar da aka manna a Tasawa. Mai gabatar da shiri a radiyon al'umma ya karanta ta, ya juya ta zuwa Hausa, ya faɗe ta a shirin gaishe-gaishe na dare, lokacin da aka fi saurare. Wani malamin firamare da ya shigo gari karɓar albashi ya ɗauki hotonta da wayarsa. Da ya koma ƙauye sai ya yi bayaninta da murya ya tura a zauren WhatsApp na samarin garin, wanda rabin mambobinsa na Najeriya ko Libiya. Daga nan muryar ta bi ta Bluetooth daga waya zuwa waya a rumfar mai cajin salula. A fada, wurin shan shayi, shugaban samari ya sake maimaitawa. Ranar Juma'a liman ya ƙara faɗa bayan salla, ko mai gari ya sa mai shela ya zagaya ranar kasuwa.

Ƴan mata da matan aure na da tasu hanyar, domin ba sa zaman fada, da yawansu kuma ba su da wayar kansu. Labari yakan same su a wurin biki, a bakin rijiya, ko a taron mako na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin asusu da bashi da ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Sanarwar da ba ta bi ta irin wannan taro ba, galibi maza kaɗai ke amsa ta, ko da an rubuta a ƙasanta cewa ana ƙarfafa wa mata gwiwa su nema.

Aikin ya wuce fassara. Mai kai labari nagari yakan zaɓo abin da mai sauraro ke bukata: wa ya cancanta, shekaru nawa, wane matakin karatu, waɗanne takardu, a ina za a ajiye su, zuwa wace rana da wane ƙarfe, ana biyan wani abu ko kyauta ne. Yakan bayyana cewa « niveau BEPC » na nufin mutum ya kai ajin jarrabawar ko da bai ci ba, wanda ya bambanta da « titulaire du BEPC », mai riƙe da takardar. Wannan bambanci kaɗai kan sa saurayi ya cire kansa daga abin da ya cancanta, ko ya kashe kuɗin kabu-kabu zuwa Tasawa a banza. Sau da yawa malamin da ya kawo labarin shi ke rubuta takardar neman aikin, ya duba dosiyen, wani lokacin har ya tafi da shi gari.

Daga ina wannan al'ada ta samo asali?

Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron radiyo ta Nijar, inda ƴan sa-kai, galibinsu malaman makaranta, ke tara mutanen ƙauye su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a aika Yamai. A zamanin Janar Seyni Kountché, Samariya ta riƙe aikin tara matasa domin gayya da isar da saƙon hukuma. A 1999 aka buɗe radiyon al'umma na farko a Bankilare, cikin yankin Tera, mai aiki da hasken rana, da tallafin hukumar PNUD da cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD. Yau irin waɗannan gidajen radiyo sun kusa 200 a faɗin ƙasar.

Daga 2009 hukumar FAO ta kawo kulob-kulob na Dimitra, inda mata, maza da matasa ke zama rukuni-rukuni su tattauna matsalolin garinsu, tare da radiyo mai caji da rana da wayar salula da ke haɗa su da gidan radiyo mafi kusa. A Janairun 2016 gidauniyar Hirondelle ta ƙasar Suwis ta buɗe Studio Kalangou a Yamai, wanda ke shirya labarai cikin harsuna biyar, da Hausa a ciki, gidajen radiyo abokan hulɗa kuma su watsa. Cikin shirye-shiryensa akwai na matasa mai suna « Tous à la fada ».

A wasu ƙasashe irin wannan hidima na da suna da tsari. A Amurka da Kanada ana ce mata « pro bono », kalmar Latin da ta fito daga aikin lauyoyi: kamfanin talla ko na hulɗa da jama'a ya ware ma'aikatansa su yi wa wata ƙungiya aiki kyauta, ciki har da ƙungiyoyin da ke nema wa matasa baƙar fata aiki, waɗanda rashin aikin yi ya fi yi wa yawa a kan takwarorinsu farar fata. A Faransa dokar 2003 a kan tallafin kamfanoni ta ba kamfanin da ya ba da aron ma'aikacinsa ga wata ƙungiya damar samun ragin haraji. A duk waɗannan wurare, wanda ke yin aikin kyautar yana karɓar albashinsa a ƙarshen wata daga kamfaninsa. A ƙauyukan Tasawa da Mayahi kuwa, mai kai labarin aiki sau da yawa shi kansa aikin yake nema.

Nawa aikin kyauta ke ci?

Gidajen radiyon al'umma mallakar ƙungiyoyi ne da ba na neman riba ba. Kuɗin shigarsu na zuwa ne daga sanarwar biki, suna da rasuwa, cigiyar dabbobi, katin gaishe-gaishe, da kuma kwantaragin da furoje ke bayarwa domin a watsa saƙonsa. Yawancin ma'aikatansu ba su da albashin wata, balle mafi ƙarancin albashi na jikka 42 da doka ta tsayar tun Janairun 2024. Abin da suke samu ɗan alheri ne idan an shigo da kwantaragi, ko kuɗin zama idan an gayyace su taron horo.

Wannan tsari na da sakamako uku da masu sauraro ke gani. Na farko, sanarwar da aka biya ita ke samun lokaci mai kyau da maimaici, wadda ba a biya ba kuma sai idan mai shirin ya ga dama ya saka ta. Na biyu, idan batir ko na'urar watsa shiri ta lalace, gidan kan yi shiru har sai an samu mai taimako, a ƙasar da kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. Na uku, ƙwararru ba sa daɗewa. Matashin da ya iya magana a makirfo, ya iya Faransanci da Hausa, shi ne na farko da wata ƙungiya za ta ɗauka, ko ya gaji ya tafi ci-rani kamar kowa, sai a koma koya wa wani daga farko.

Malamin ƙauye da mai kula da zauren WhatsApp su ma daga aljihunsu suke sayen kuɗin intanet, su biya cajin waya, wani lokacin su hau tudu neman layi. Akwai kuma abin da ba a lissafa shi da kuɗi: idan saurayi ya sayar da akuya ya haɗa dosiye bai samu ba, wanda ya kawo labarin ake kallo.

Ina hatsarin yake?

Hanyar da ke kawo labarin gaskiya ita ce ke kawo na ƙarya. Sanarwoyin bogi masu ɗauke da tambarin manyan ƙungiyoyin duniya na yawo a WhatsApp, suna alƙawarin albashi mai tsoka, suna neman a tura « kuɗin dosiye » zuwa wata lambar waya. Idan aka juya irin wannan zuwa murya da Hausa, duk alamun da mai karatu zai gane ƙarya da su sun ɓace, saura muryar mutumin da aka sani aka yarda da shi. Alamar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce: sanarwar gaskiya tana faɗin ofishin da za a je, kuma idan akwai kuɗin rajista, a ofis ake biya a karɓi rasit. Ba a tura shi zuwa lambar wani mutum.

Labarin zinariya ya nuna saurin da jita-jita ke yi. A 2014 dubban matasa suka kwarara zuwa Jado da Cibarakaten bisa abin da suka ji ta waya. A 2021 haka ta faru a yankin Ɗan Isa, gundumar Madarunfa, inda ruftawar rami a watan Nuwamba ta kashe aƙalla mutum 18. Hoton wanda ya dace yana yawo daga waya zuwa waya, amma labarin waɗanda suka dawo da bashi ko da ciwo ba ya samun mai tura shi.

Hatsari na uku daga cikin gida yake. Wanda ya riga kowa jin labari yana da iko a hannunsa. Yana iya faɗa wa ƴan uwansa da ƴan unguwarsu tukuna, sauran su ji bayan guraben sun cika. Rugagen Fulani da zangon Buzaye da ke nesa da gari, da ƙananan ƙauyukan da ba su da makaranta, su ne suka fi zama a ƙarshen layi. Tunda ba wanda ya ɗora wa ɗan sa-kai aikin a hukumance, ba wanda zai tambaye shi wa ya faɗa wa, wa ya tsallake.

Me za a iya gyarawa?

Kai labari ba ya ƙirƙiro aiki. Idan gurbi 30 ne a cibiyar koyon sana'a, ko duk samarin Urafane sun ji, 30 ɗin za a ɗauka, wanda ya gama koyon walda kuma yana bukatar inji, wuta da masu kawo aiki. Abin da labari mai kyau ke canzawa shi ne wanda ke samun damar nema, da yawan kuɗin da iyalai ke asara a kan tafiyar banza da ƴan damfara.

Akwai misali a cikin gida. Cibiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jahohi, tare da majalisar manoma ta Maraɗi, na shirya saƙonnin murya da Hausa a kan ƙwari, iri da magungunan feshi, tana tura su ta WhatsApp da gidajen radiyo, tana kuma da layin waya da manomi zai kira ya yi tambaya da harshensa. Saƙon na fitowa daga tushe da sunan wanda ya shirya shi, don haka mai turawa ba ya bukatar fassara, mai sauraro kuma ya san inda zai tabbatar. Sanarwar aiki ko ta horo na iya bin wannan sawu: murya ta minti biyu da Hausa, da Fulatanci da Tamashek inda ake bukata, ta fito rana ɗaya da takardar Faransanci. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, abin da ke ba duk ma'aikatar da ta so yin haka madogara.

Sauran gyare-gyaren ba su da tsada. Wa'adin da ya ratsa aƙalla ranakun kasuwa biyu ko uku yana ba ƙauyukan nesa lokaci. Buɗe rajistar horo kafin a gama girbi yana samun samari a gida. Zaman alƙalai na tafi-da-gidanka domin ba da takardun haihuwa, idan aka yi shi kafin lokacin jarrabawa, yana cire shingen farko. Takardar shaida daga ƙaramar hukuma ga wanda ya shekara yana wannan hidima za ta shiga nasa dosiyen ranar da shi ma zai nemi aiki. Furojen da ya ware kuɗin buga alluna da riguna yana iya ware na lokacin radiyo da na man babur ɗin wanda zai zagaya rugage.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, shugabannin riƙo da gwamnati ta naɗa ke tafiyar da su, kuma a hannunsu shawarar ware wani abu domin sanar da matasa take. A ƙarshen shekara ake shirya kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, daidai lokacin da motocin ƴan ci-rani ke cika a tashar Tasawa.